RA'AYIN JARIDA: Zoben da ke tsakanin fata da jaka, da haƙƙin masu sitoma a Bauchi

A takardar asibiti, aiki yana ƙarewa ne ranar da aka sallami majiyyaci. Likita ya buɗe ciki, ya yanke ɓangaren hanjin da ya huje ko ya ruɓe, ya fito da bakin hanjin mai lafiya ta bangon ciki ya ɗinke shi da fata, domin bayan gida ya riƙa fita ta wannan sabuwar kafa da likitoci ke kira sitoma. An tsallake rijiya da baya, 'yan uwa sun yi hamdala, an ɗauki shatar Keke Napep daga cikin gari zuwa Yelwan Tudu ko Yelwan Kagadama. Amma ga wanda aka yi wa aikin, ranar ce farkon jarrabawa, kuma jarrabawar gaba ɗayanta ta tattaru a wani ɗan fili na fata da faɗinsa bai wuce yatsu biyu ba, wanda ya kewaye bakin kafar. In wurin nan ya zauna lafiya, jakar da aka manna za ta riƙe, mutum ya koma kasuwa, ya koma aji, ya shiga sahu. In ya saɓule, babu abin da zai sake mannewa a kansa, daga nan kuma ake fara rufe ƙofar ɗaki.

Wannan shi ya sa maganar ɗan zoben nan mai taushi da ake sanyawa tsakanin fata da jaka ta cancanci hukumomin lafiya na Jihar Bauchi su zauna a kanta. Jakar sitoma da zoben da ke toshe gefenta cikon tiyata ne, kamar yadda zare da allurar ɗinki suke cikon tiyata. Asibitin da ya yi aikin da gwamnatin da ke karɓar kuɗin inshora ba su sauke nauyinsu ba muddin suka bar mutum ya je ya nemi waɗannan kaya da kansa a shagon kemis, ko ya jira wani ɗan uwa ya aiko masa daga Legas ko Saudiyya.

Masu wannan lalura sun fi yadda ake zato yawa, ɓoyewa ce kawai ta sa ba a ganinsu. A Turai da Amurka akasarinsu manya ne da suka yi fama da sankarar hanji ko wasu cututtukan kumburin hanji. A Arewacin Nijeriya kuwa da yawa yara ne da matasa waɗanda zazzaɓin taifod ya huda musu ƙaramin hanji bayan an shafe makonni ana shan magani a gida. Akwai jariran da aka haifa babu dubura, ko hanjinsu ba ya tura bayan gida. Akwai dattawan da babban hanjinsu ya murɗe, da waɗanda harsashi ko haɗarin mota ya yaga musu ciki, da matan da doguwar naƙuda ta haɗe musu mafitar bayan gida da gaba, irin waɗanda ake kai wa cibiyar kula da masu yoyo ta ƙasa da ke Ningi. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa shi ne babban wurin da irin waɗannan larurori ke ƙarewa a Bauchi. Unguwa irin Yelwa, mai cunkoson ɗalibai da 'yan haya da ke shan ruwan rijiya da na 'yan garuwa, ba baƙuwar taifod ba ce.

Abin da ke faruwa a bakin kafar kuwa ba shi da wuyar ganewa. Fatar mutum ba a yi ta don ta zauna cikin bayan gida ba. Abin da ke fitowa daga ƙaramin hanji ruwa-ruwa ne, yana zuba dare da rana babu tsayawa, kuma yana ɗauke da sinadaran narkar da abinci waɗanda ba su gama aikinsu ba. Su ba su san bambancin naman miya da fatar ciki ba. Da zarar ɗigo ya sami hanya ya shiga ƙarƙashin faifan jakar, sai ya fara cin fata. Wuri ya yi ja, ya fara ƙuna, ya fara tsatsafar da ruwa. Danƙo kuma ba ya kama jiƙaƙƙen wuri, sai jakar ta ɗaga da wuri, sai ƙarin ruwa ya shiga, sai a ɓamɓare a sake manna wata, ɓamɓarar kanta ta tafi da saman fatar. Haka abu ke juyawa har ya zama gyambo. Wani bincike da aka buga a 2006 kan mutum 202 masu sitoma a ƙasar Denmak ya gano kashi 45 cikin ɗari suna da matsalar fata a kewayen kafar, a tsakanin masu kafar ƙaramin hanji kuwa kashi 57 ne. A Denmak ke nan, ƙasar da aka ƙirƙiro jakar kanta, inda kaya ba sa yankewa kuma zafin rana bai kai rabin na Bauchi a watan Afrilu ba.

Ciki kuma ba allo ba ne. Yana da ninki, yana da kwarmi, yana da tabon ɗinki, kuma siffarsa tana sauyawa in mutum ya zauna, in ya sunkuya, in ya rame ko ya yi ƙiba. Tiyatar taifod kusan kullum ta gaggawa ce, cikin dare, a kan yaron da ciki ya kumbure masa. Babu lokacin da za a zaunar da shi a tsayar da shi a yi alamar wurin da ya fi dacewa, kamar yadda ake yi wa wanda aka tsara wa aiki tun da wuri. Bayan kumburi ya saɓe sai a tarar kafar ta faɗa cikin lotsawa ko ta matso kusa da ƙashin ƙugu. Faifan jaka shimfiɗaɗɗe ne, ba zai bi wannan lanƙwasa ba. Aikin zoben shi ne cike wannan giɓi. Duk mai gyaran famfo ya san cewa komai kyan bututu, in babu 'yar robar da ke maƙale a mahaɗa, sai ya yi yoyo.

Tarihin wannan zobe yana da alaƙa da dajin Arewa fiye da yadda aka sani. A 1954 wata ma'aikaciyar jinya 'yar Denmak, Elise Sørensen, ta ƙirƙiro jakar roba mai danƙo da ake mannawa a yar bayan amfani, saboda ƙanwarta da aka yi wa sitoma ta daina fita waje don tsoron yoyo. Daga wannan tunani kamfanin Coloplast ya kafu a 1957. Kafin haka kaɗan, a 1952, wani likitan tiyata a Asibitin Kilibland na Amurka, Rupert Turnbull, ya lura cewa garin ƙaron wata bishiya da ake kira karaya yana kama jiƙaƙƙiyar fata, sai aka fara yin zobba da shi. Karaya ta Indiya ce, amma tana da 'yar uwa ta jini a nan, ita ce kukkuki, bishiyar nan mai santsin ɓawo da ke tsirowa a tsaunukan Bauchi da sauran dazuzzukan Arewa. Har yau a Senegal ana tsagar jikinta ana tara ƙaron ana fitar da shi waje. Wato abin da ya fara ceton fatar masu sitoma a duniya ɗanyensa yana tsaye a bayan gari. Wannan aiki ne na masu binciken sinadarai na jami'ar da harabarta ke cikin Yelwa ɗin kanta, in har akwai mai ɗaukar nauyin binciken.

Karaya tana narkewa da zafi, don haka a shekarun 1970 aka koma wani haɗin danƙo mai tsotse danshi da ake kira haidirokoloid, wanda har yanzu shi ne jikin akasarin faifan jakunkuna da zobba. Shi wannan ana murza shi kamar ƙullu, a ja shi, a tsinka a sake haɗawa, a cusa shi cikin kowane kwarmi. Yana shan gumi da ruwan da ya taɓa shi, ya kumbura ya ƙara toshe wurin. Sai dai wannan alherin nasa shi ne kuma iyakarsa. Abin da ya tsotsa yana nan zaune a jikin fata, kuma in ya ƙoshi sai ya fara zagwanyewa, ya bar tarkacen da sai an goge da ƙarfi kafin ya fita.

Zoben silikon, wanda kamfanoni irin su Trio Healthcare na Ingila suka shigo da shi kasuwa da sunan Siltac, ya bi wata hanya daban. Ba ya shan ruwa ko kaɗan, saboda haka ba ya kumbura kuma ba ya narkewa. Ana buɗa shi da yatsu a zura bakin hanjin a tsakiya, a sake shi, sai ya koma girmansa ya rungumi gindin kafar, yana bin motsinta in ta miƙe ko ta noƙe. Yana kwanciya a kan fata ba tare da ya cije ta ba, kuma ranar canji yana fita ɗungurungum ba tare da ya bar komai ba. Ga yaron da fatarsa ke da laushi, ga dattijon da tasa ta yi sirara, ga mai kafar ƙaramin hanji da ruwan ke cinye masa zoben danƙo cikin yini guda, wannan bambanci yana iya zama bambancin barci da kwana zaune. Akwai kuma mai ɗan doro, domin kafar da ta nutse.

To amma kada talla ta ja hankalin masu sayen kayan gwamnati. Silikon ba maganin kowa ba ne. Tunda ba ya tsotse danshi, yana buƙatar busasshiyar fata kafin ya zauna. Wanda wurinsa ya riga ya saɓule yana zubar da ruwa sau da yawa garin sitoma da zoben danƙo sun fi masa amfani har fatar ta warke. Ba a tsinka shi a sake haɗawa, don haka dole girmansa ya dace da kafar, kafar kuwa tana raguwa cikin makonni shida zuwa takwas na farko bayan tiyata. Wanda aka saya wa kwali guda ranar sallama zai iya tarar da ya yi masa yawa kafin wata biyu. Akasarin yabon da ake yi wa zoben ma daga bakin masu yin sa yake fitowa, kuma an gwada shi ne a ƙasashen da ba su san zafin bazara mai kusan digiri 40 ba, balle hunturun da ke tsattsaga fata. Hukumar da za ta kashe kuɗin jama'a ya kamata ta fara gwada iri biyun a kan majiyyatan Bauchi, a bazara da damina, ta rubuta kwana nawa jaka ke yi da kowanne, sannan ta yanke hukunci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma masu ɗauke da jakar su ne za a tambaya.

Akwai wani haɗari na kusa da ya kamata a faɗe shi baro-baro. Kalmar silikon sananniya ce a kowace kasuwar kayan gini da garejin kanikawa, domin da shi ake toshe gefen gilashin taga da murfin inji. Ranar da labari ya bazu cewa silikon yana hana jakar ciki yoyo, za a sami wanda talauci zai tura shi ya sayo na masu alminiyom ya matsa a cikin ɗansa. Wancan ba a yi shi don jikin mutum ba. Irin da aka fi sayarwa yana fitar da ruwan tsami yayin da yake bushewa, shi ne warin nan mai hawa kai da ake ji, kuma zai ƙona fatar da dama a ƙone take. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Haka nan basilin da man kaɗe da man shanu, da ake shafawa da kyakkyawar niyya, suna hana komai mannewa. Sifirit da ruwan kashe ƙwayoyin cuta kuma suna ƙara busar da wurin. Ruwa mai ɗumi da tsumma mai tsabta sun wadatar, a bar fatar ta bushe ƙarau, a auna kafar, a yanke ramin faifan ya ɗara ta da milimita biyu zuwa uku kacal, a zura zoben, a ɗora jakar, a dafe da tafin hannu na ɗan lokaci domin ɗumin jiki ya sa danƙon ya kama. Wannan darasi ne na rabin sa'a, amma sai an sami wanda aikinsa ne ya koyar da shi.

Inda babu wannan darasi kuma babu kaya, mutane suna yin abin da suka iya. Ana ɗaura ledar kasuwa da filasta, ana naɗa tsumma, ana yanka famfas ɗin jarirai, ana wanke jaka guda a shanya a mayar har ta yage. Babu mai zarginsu. Kayan nan duk daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, dalar da ke ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024, kayan asibiti suka bi ta. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne, shi ma ga wanda ke da albashin. Mai sayar da kayan miya a kasuwar Yelwa ba ya cikin lissafin.

Duk da haka lissafin kuɗi yana bayan zoben, ba gabansa ba. Faifan da aka yi domin ya kwana uku, in yoyo ya sa ana canza shi kullum, to mutum zai buƙaci 30 a wata maimakon 10. Zoben da ya mayar da shi kwana ukunsa ya biya kuɗin kansa har da riba. In aka ƙara da kuɗin gadon asibiti ga wanda gyambo ko bushewar jiki ya mayar da shi kwanciya, da kwanakin makarantar da yarinya ta rasa, da aikin da magidanci ya bari, sai a ga araha ta gaskiya tana wajen sayen kayan da suka dace tun farko.

Hanyoyin biyan kuɗin kuwa suna nan a rubuce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin asusun kula da lafiya a matakin farko. Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora, ta kuma tanadi asusun marasa ƙarfi. Jihar Bauchi tana da hukumar inshorar lafiya ta taimakekeniya, BASHCMA, tana da hukumar sayen magunguna da kayan asibiti, DMMA, tana da asusun tallafa wa lafiya, BHETFUND. Abin da ake nema shi ne a rubuta jakar sitoma da zobenta da garinta da sunansu cikin jerin abin da inshora ke biya duk wata, kada a bar su ga fassarar ma'aikacin da ke bayan kanta. DMMA kuma ta sayo su a dunƙule daga dillalan da NAFDAC ta yi wa kayansu rajista, ta ajiye su a wuri mai sanyi, domin danƙon da ya kwana a shagon kwano cikin bazara ya mutu tun kafin a buɗe kwalinsa. A matakin tarayya, umarnin da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2024 ya cire haraji daga injina da ɗanyun kayan da masu haɗa magunguna da kayan asibiti a cikin gida ke shigowa da su. Ƙasar da ke da kamfanonin roba a Kano da Legas bai kamata ta gagara yin jakar roba mai danƙo ba.

Kaya kaɗai ba za su yi ba sai da mai sani. Fannin jinyar masu sitoma ya faro ne da wata mata mai suna Norma Gill, wadda ita kanta tana ɗauke da sitoma, ta fara aiki da Turnbull a 1958, suka buɗe makarantar horarwa a 1961. Shekara sittin da ɗoriya ke nan duniya ta gane cewa wannan sana'a ce mai zaman kanta. Bauchi tana da Kwalejin Koyon Aikin Jinya ta Aliko Ɗangote, tana da asibitin koyarwa. Horar da nas biyu ko uku a kowane babban asibiti, mace da namiji saboda wurin da ake dubawa, da ware musu rana guda a mako da ɗaki mai labule, ba abu ne da zai karya kasafin kuɗi ba. Ma'aikatan ƙananan asibitocin unguwanni irin Yelwa kuma su san alamomin da ba a jira da su: bakin hanji ya yi baƙi maimakon ja, fita ta tsaya ga amai, ko ruwan da ke zuba ya yi yawa har fitsari ya ƙafe.

Malamai ma suna da rabonsu. Da yawa daga cikin masu sitoma suna ƙaurace wa masallaci, wasu har suna barin salla, bisa zaton ba su da tsarki. Alhali fikihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Bauchi ya daɗe da yin bayanin hukuncin mai salasi, wanda abu ke fita daga jikinsa ba da ikonsa ba, ya kuma yi masa rangwame. In limami ya faɗi haka a kan mumbari sau ɗaya, ya sauke wa wani nauyin da ya shekara yana ɗauke da shi shi kaɗai. Yelwa unguwa ce ta Musulmi da Kirista, kuma wanda ke zama a bencin ƙarshe na coci kusa da ƙofa don tsoron wari shi ma yana jiran kalma daga fastonsa. Zoben da ya riƙe shi ne ke sa mutum ya yi ruku'u da sujada ba tare da hannunsa na kan cikinsa ba.

Akasarin sitomar taifod da ta jarirai ta wucin gadi ce. An yi ta ne domin hanji ya huta, bayan wasu watanni a mayar da shi ciki a rufe. Amma tiyata ta biyu ita ma kuɗi ce, kuma iyalin da ta farko ta cinye musu awaki da gona sukan kasa komawa, sai abin wata uku ya zama na shekara biyu. Likita kuma zai fi samun sauƙin rufe kafar da fatar kewayenta ke lafiya a kan yaron da bai rame ba. Saboda haka ranar sallama ya kamata kowane majiyyaci ya fita da abu uku a hannunsa: kayan da za su kai shi wata guda, ciki har da zobba masu girma biyu saboda raguwar kafar, da ranar da zai dawo a sake auna shi kafin mako na takwas, da ranar da aka tsayar domin rufewa, tare da sunan asusun da zai biya kuɗinta.